Tashar Bas, Goma da Kwata

Tsakanin kantinmu da nasu
filin ajiye motoci ne kawai,
da kekunan sayayya da iska ta watsar.
Mu koriyar riga, su ja.
Da rana ko gaisuwa ba ma yi, manajoji na leƙe.
Sai dare ya rufa a Coventry,
bas ya makara kamar yadda ya saba,
mu taru a rumfar gilashi, ruwa na tsiyaya,
kowa ya kwance bakin jakarsa.

Tasalla ce ke farawa:
"Mu kashi sha biyar ake yi mana rangwame. Ku fa?"
Na ce goma.
Ta yi dariyar wadda ta ci kasuwa.
Na ce, "Amma burodin da ya kwana,
da ayabar da ta fara ɗigon baƙi,
mu ake bar wa in an tashi.
Naku a bola yake ƙarewa, a danna masa kwaɗo,
da idona na gani."
Ta gyara ɗankwali. Ɗaya da ɗaya.

Delroy, shekara sha tara a kan injin kuɗi,
ya ce a ajiye zancen burodi.
"Kujera. Ku yi mini maganar kujera.
Ku a zaune kuke karɓar kuɗi,
mu awa takwas a tsaye,
wai zama na sa mai saye ya hango kasala."
Ya ɗage ƙafar wando.
Jijiyoyi sun yi rassa kamar saiwar gamji.
Wannan ba mu sa shi a lissafi ba.

Halina ta ce su ranar haihuwarka hutu ce,
da kuɗinka, har da kati,
ko da yake bara manaja ya kuskure sunanta
kuma ya ƙara mata shekara biyu.

Ni ina da ɗakin salla.
Wato lungun tsintsiya da bokiti,
in na yi sujada goshina ya gaida kwalin sabulu.
Tasalla a ƙarƙashin bene take tata,
mai gadi ya juya baya yana tare mata hanya.
Na samu hutun Idi, ita ba ta samu ba.
Ta samu kazar Kirsimeti, ni alewa aka ba ni
da bajo mai cewa na iya murmushi.

Ba zan ɓoye ba, na yi lissafi a bayan rasit:
kwabo arba'in suka fi mu a awa.
Na ninka, na sake ninkawa,
har na ga kwanon rufin ɗakin Inna a Gumel,
har na karɓo takardar neman aiki
na ninke ta cikin aljihun koriyar riga.

Daren nan na nuna wa Tasalla.
Ta daɗe tana kallon titi.
"Nafi'u, arba'in sau nawa?
Makon jiya awa goma sha ɗaya suka ba ni.
Sauran kwanakin waya nake gadi, ko za a kira."
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Takardar ta jiƙe a hannuna, ban hana ta ba.

Ta tagar kantinmu ina hango sababbin injuna shida
da mai saye ke biya da kansa.
Nasu takwas ne, Halina ta ƙirga.
Ba sa neman kujera, ba su da ranar haihuwa,
suna ta godiya cikin duhu, babu kowa a gabansu.

Ga bas nan.
Na miƙa wa Tasalla burodi biyu,
ta miƙo mini shinkafar da ta saya da sha biyar ɗinta.
Delroy ya riga kowa hawa,
muka bar masa kujerar gaba.