Akwatin da Ba Shi da Eriya

Shekara talatin da huɗu Baba na murɗa tsohon rediyonsa
a ɗakinmu na Agege, bayan layin dogo.
Eriya ta karye, ya ɗora mata wayar shanya,
ya ɗaure a ƙarfen taga.
Abin da yake samu shuuu ne, kamar ana tuyar ƙosai a nesa,
sai can tsakar dare wata murya ta leƙo,
ta faɗi rabin magana, ta koma.

Ranar da na kwashi adashe na sayo masa sabo a Ikeja,
ɗan mitsitsi, bai kai burodin unguwarmu ba.
Ya juya shi ciki da bai. "Ina eriyar?"
Na ce babu, ta intanet yake kamawa.
Ya ce, "Abin da ba shi da kunne,
ina ya ji, balle ya faɗa wa wani?"

Na danna. Wani ɗan zobe ya yi ta kewaya kansa a gilashi.
Sai ga Kabi a kan teburinmu,
tar, kamar mai maganar na zaune bakin gado,
yana cewa "mi" inda mu muke cewa "me".
Baba ya tuɓe hula.
Har yau ban tambaye shi dalili ba.

Tun daga nan ɗakinmu ya zama gari biyu.
A waje kwandasta na kiran Oshodi,
janareton Iya Risi na tari,
ruwan Legas na dukan kwano ba sallama.
A ciki ana faɗin kuɗin buhun albasa a Aliero,
ana musu kan taki,
wani ya bugo daga Jega yana kukan hanyar ƙauyensu.
Baba na ba su amsa ɗaya bayan ɗaya.
Ba sa jin sa. Bai dame shi ba.
In an sa goge da la'asar
ƙafarsa mai kumburi takan taɓa siminti a hankali,
in na kalla ta daina.

Ni da aka yanke wa cibiya a nan,
Hausata da ɗanɗanon Yarbanci,
nakan tsaya da ludayi a hannu ina tsintar kalmomi
in kai masa, ya fasa mini su kamar goro.

Bayan labaran dare ake karanta sanarwa.
A nan ba a tari, ba a motsa cokali.
Wata Laraba, ana ruwa,
muryar ta sauko ƙasa, ta yi salati,
ta ce Allah ya yi wa Malam Ja...

Zoben nan ya dawo yana kewaya kansa.
Data ta ƙare.

Abokan Baba biyu suka rage a duniya,
Jatau da Jabbi.
Da su ya hau motar shanu zuwa Kudu,
su suka koma, shi ya tsaya.

Na fita ba lema, kwata ta cika ta haɗiye mini takalmi ɗaya,
na buga wa mai kati ƙofa har ya zage ni.
Kafin in dawo an wuce wurin,
ana tallan maganin sauro.

Na ɗauko wayarsa. Lambobin duka suna ciki.
Ya dafe hannuna.
"Bari sai da safe.
Daren nan dai dukansu nawa ne."

Da asuba na ji shi ta labule
yana roƙa wa Jatau, yana roƙa wa Jabbi,
gafara da lafiya a haɗe, bai ware wa kowa tasa ba.

Yanzu in wata ya mutu
data nake fara saya, kafin shinkafa.
Tsohon rediyon na nan kan kabad, da wayar shanyarsa.
Baba ya hana a ba masu gwangwan.
Ya ce shi wannan bai taɓa faɗa masa abin da zai hana shi barci ba.