Gurbin Gwiwar Inna

Asabar ce. Sai tara ta buga nake jona wuta,
don Madam Holroyd ta ƙasanmu ba ta son hayaniya,
da sandar mofa take dukan silin in na yi sammako.
Bradford ta kwana da ruwa, ta tashi da ruwa.
Gishirin da aka barbaɗa a titi saboda santsi
ya biyo takalman yara har cikin falo.
Shi ne mugun. Ido ba ya ganinsa, yana cin zare a hankali
kamar asu a cikin adaka.

Da kafet ɗin mai gida nake farawa, ruwan toka,
wanda aka manne daga bango zuwa bango.
Ba nawa ba ne, amana ce, kuɗin ajiyata na kansa.
Ranar da za mu tashi wani zai zo da takarda,
ya durƙusa yana farautar tabon shayi.
In tura inji gaba, in jawo shi baya,
ba gaggawa. Mai sauri sama kawai yake lasa,
ƙurar gaske tana gindin gashi ta yi lamo.
Ƙarƙashin kujera, lungun hita, bayan talabijin
inda Nusaiba ke tura ɓawon gyaɗa ta ce ba ita ba ce.

Sannan darduma.
Ja ce mai farar geza, Inna ta sayo a Kantin Kwari,
ta biya kuɗin awo a filin jirgi ba ta ko yi ciniki ba,
wai ɗanta ba zai miƙe ƙafa kan shimfiɗar haya ba.
A nan nake rage wa inji ƙarfi, in ɗage burushi,
in bi gashin yadda ya kwanta.
Geza kuwa sai da hannu, da tsohon matajin Sa'ade.
Sau ɗaya injin ya cafke ta, ya yi kukan akuya,
har yau kusurwar da giɓi kamar bakin mai famfara.

Wata shida Inna ta yi da mu,
ba ta yarda da injin ba ko na yini guda.
"Abin da zai haɗiye datti bai tofar ba,
ina yake kai shi?"
Tsintsiyar kaba ta ɓoyo a ƙasan akwati.
Da asuba ta sunkuya, shar, shar, shar,
ƙura ta tashi ta gaida fitila ta koma mazauninta.
Ban taɓa tankawa ba.
In ta shiga wanka in bi sawunta a sace.

An ce a riƙa juya darduma duk bayan wata uku,
kada rana ta koɗe gefe ɗaya,
kada ƙafa ta tattake wuri guda.
Na sani. Da can ina juyawa.
Amma ga gurbi biyu kusa da taga, inda alƙibla ta faɗa,
gashin ya kwanta ya ƙi tashi.
Gwiwoyinta ne. Gaba kaɗan, wurin goshi.
Wani abokin aiki ya ce in ɗora ƙanƙara,
in ta narke gashin zai miƙe kamar ba a taɓa ba.
Ƙanƙara na nan fal a firji.
Zagaye wurin nake yi
kamar manomin da ya tarar da kushewa a tsakiyar gona.

Yau na zazzage cikin injin a kwandon shara:
gashin Sa'ade, ƙwayar shinkafa, murfin biro, burbushin biskit,
sai wani abu ya ce ƙwas a gindin roba.
Ƙwayar carbi ce, baƙa,
ta wanda ya tsinke mata daren da za ta koma Bichi.
Casa'in da takwas muka tsinta muna rarrafe,
ta ce a bar ɗayar, rabon gidan ce.
Ba ta kai azumi ba.

Wata goma sha ɗaya ƙwayar na kwance cikin zare,
ina wucewa ta kanta duk Asabar.

Nusaiba ta leƙo ta ce, "Baba, datti ne?"
Na ɗauraye ta a famfo, na jefa aljihun gaba.
A ƙasa Madam Holroyd ta kunna rediyo.
Saura ɗakin yara da matakala.
Na warware waya, na sake jona wuta.