Fulas ɗin Rifkatu

Daren da aka kwantar da Baba a Shika
ban sa komai a ciki ba tun hantsi.
Takardar magani ta jiƙe da gumi a aljihu,
cajin wayata saura kashi huɗu,
soket ɗaya ne a ɗakin, wata mata kuma ta riga ni.

Na ce, "Ke kaɗai ce mai mara lafiya a nan?"
Da ƙarfi na faɗa, har nas ta waigo.
Matar ba ta tanka ba. Ta zare cajarta,
ta naɗe igiyar a yatsu a hankali
kamar mai tattara zare bayan ɗinki,
ta koma gefen gado na bakwai
inda wani dogon yaro ke jan numfashi da ƙyar,
ƙafafunsa sun fi gadon tsawo.

Ƙarfe ɗaya aka ce a sayo ruwan ƙari.
Babu a kantin asibiti.
Na hau acaɓa har Samaru,
na buga ƙofa uku kafin ta huɗu ta buɗe.
Duk hanya ƙafafun Baba nake tunawa,
yadda sanyi ke shigarsu ko da bazara,
ga shi na baro shi ba mayafi.

Na dawo na tarar an lulluɓe su.
Zane ne ruwan ganye, ya koɗe a gefe,
an cusa bakinsa ƙarƙashin dugadugai
yadda marigayiya Inna take yi.
Baba ya buɗe ido ya ce,
"Yarinyar nan ta ba ni ruwa da cokali.
Tambayo mini 'yar gidan wa ce."

Ban tambaya ba, kunya ta ɗaure ni.
Ita ce ta miƙo murfin fulas,
kunun tsamiya na tururi.
"Sha, ɗan'uwa. Mai jinya ma majinyaci ne."
Sunanta Rifkatu, daga Wusasa.
Kwana goma sha tara tana kan bencin nan.
Wayar da na sa ta cire,
kiran ƙanenta take jira,
ko ya samo mai ba da jini.

Kunun ya ƙona mini harshe, na ce gara haka.
Na naɗe hannun riga na ce a gwada nawa.
Aka gwada. Bai dace ba.
Ita ce ma ta ba ni haƙuri.

Kafin assalatu aka ja labule a gado na bakwai.
Ba ta yi kururuwa ba.
Ta tattara kwano, da Littafinta, da silifas ɗin yaron,
ta tsaya kan Baba yana barci,
ta dubi zanen, ta bar shi.
Fulas ɗin ma ta bari, nan gefen ƙafata.

Baba ya tashi. Ya ƙara shekara biyu
yana faɗa da jikoki a ƙofar gida a Tudun Jukun.
Sau uku na je Wusasa da fulas a leda.
Ashe masu sunan da yawa ne:
wata malamar firamare, wata mai tuyar ƙosai,
wata ta tsufa har ba ta ji.
Kowacce ta ba ni kujera da ruwa.
Babu wadda ta san dogon yaro.

Yanzu duk Alhamis matata kan dama kunu.
Murfin ya tsage, na ɗaure shi da roba.
Nakan shiga ɗakin nan bayan isha'i
in nemi wanda ya fi kowa ɗaure fuska,
mai yi wa nas tsawa kan abin da bai kai ba,
mai takarda a dunƙule cikin tafin hannu.
In zauna kusa da shi. Ba na tambayar komai,
na san shi ai.
Sai in zuba, in miƙa,
in ce ya hura tukuna, da zafi.