Allo Biyu a Teburin Evaristo

A Valparaíso, can saman tudu,
inda gidaje ke hawa kan juna kamar awaki,
Evaristo ya ajiye aikin tashar jiragen ruwa
bayan shekara talatin da ɗaya yana ɗaga kwantena.
Ƙarfin hannu bai tafi ba.
Ido ne ya ci amanarsa.
Haruffa suka koma tururuwa,
in ya bi su da yatsa, sai su watse.

'Yarsa Ximena ta kawo masa allo mai ruwan toka,
marar ƙyalli, marar murya.
Ta ce, Baba, wannan karatu kaɗai ya iya.
Ta buɗa masa harafi har ya kai ƙwayar wake.
Caji ɗaya, mako uku.
Ya fita da shi rana tsaka, rubutun bai gudu ba.

Jikansa Baltasar ya yi dariya har da riƙe ciki:
Wa ke sayen jakin da hanya ɗaya ya sani?
Ya dire nasa allon, mai sheƙi kamar teku da hantsi.
Ga littafi, ga ƙwallo, ga taswirar jirage masu shigowa,
ga ƙanwarka tana gaishe ka daga Antofagasta.

Tsoho ya karɓi duka biyun.
Ba a mayar da kyautar jini.

Da dare mai sheƙin ya fi baki.
Shafi biyu, sai ƙararrawa: an ci ƙwallo.
Shafi uku, sai talla: takalmi ya yi araha.
Ya shiga neman ma'anar kalma ɗaya,
ya fito bayan awa biyu
da farashin kifi na ƙasar da ba zai taɓa takawa ba.
Kalmar kuwa, ya manta ta.

Mai ruwan tokar ba ya kira, ba ya roƙo,
yana nan inda aka bar shi,
kamar abokin da ya san darajar shiru.
Amma shi ma da igiya a wuyansa:
kanti ɗaya ya sani, can cikin iska,
ba ƙofa, ba benci, ba mai cewa kawo kuɗin gobe.
Littafi arba'in da bakwai tsoho ya saya a can,
bai taɓa jin nauyin ko ɗaya ba.

Ran wata Talata saƙo ya zo cikin ladabi:
Mun gode. Babban kanti ya haɗiye mu.
Ku kwashe abin da ya kwasu kafin wata ya mutu.

Ximena ta kwana tana kwasa.
Talatin suka haye.
Sha bakwai suka tsaya a gaɓa da kwaɗo a baki,
mabuɗin yana aljihun wanda ba ya ɗaukar waya.
Cikinsu har da wanda ya kai rabi,
labarin wani matuƙi da bai ga tudu ba tukuna.

Ashe haya na yi, in ji shi,
ni da na ɗauka saye ne.

Faɗan da ya fi ƙarfinka, mai da shi wasa.
Ya ɗauki sanda, ya gangara kasuwa,
wurin Herminia mai tsofaffin littattafai a akwatin kifi.
Ta tono masa matuƙin nan, bango ya yage, yana warin gishiri,
ta ce kawo kuɗin gobe.

Tururuwan dai suna nan.
Sai Baltasar ya zauna a baranda yana karanta masa,
yana tuntuɓe a sunayen iska da igiyoyi,
kaka yana gyara masa.
Duhu ya yi, suka kunna mai sheƙin, ya zama fitila.
Iskar teku ta taso tana juya shafi,
suka danne shi da mai ruwan tokar.

Can ƙasa wani jirgi ya yi kuka.
Ci gaba, in ji tsoho,
mutumin nan har yanzu yana ruwa.