Ƙidaya a Asibitin Bergen

Ƙarfe huɗu, duhu ya rufe jiragen ruwa.
Solveig ta sunkuya kan madubin likita:
tsokar maƙogwaron Torleif,
siririya kamar ɓawon albasa.

Ƙwayar cutar da ta shige shi yana saurayi
ta yi lamo shekara talatin,
sannan ta farka da ciwon daji.

Amma ga ƙwayoyin garkuwar jiki
sun yi dafifi,
tururuwa a kan gawar fara.
Ta ƙirga. Ta murza ido. Ta sake.

A ƙasa, Torleif na kokawa da cokalin miya,
haɗiya ɗaya, hutu ɗaya.
Gobe za a ce masa: "Ba alkawari ba ne,
amma jikinka bai miƙa wuya ba."

Shi tambayarsa guda:
yaushe harshena zai sake gane gishiri?