Ƙaramin Baƙi

Ƙarfe biyun dare a Nima.
Fanka ta tsaya, janareton Alhaji Sulley na tari a bayan katanga,
ni da kwamfuta muna hararar juna
kamar mai bashi da mai binsa
da suka faɗo kujera ɗaya a motar Kaneshie.

A wurina manhajar lafiya lau take.
Sau goma sha ɗaya na gwada ta.
Kuɗin adashi na shiga, na fita:
sidi ashirin na Memuna mai shinkafa da wake,
sidi hamsin na Zuwera mai atamfa a Makola,
kowa da layinta, kowa da ranar kwasarta.
Amma da na ɗora ta a sabar da muke haya,
can wata ƙasar da ban san ƙamshin ruwan samanta ba,
sai ta ce ba ta san sunan ba.
Ta juya baya, ta kwanta.

Suna ɗaya ne fa.
Na rataye shi a inda take leƙawa kafin ta kama aiki,
kamar makullin da ake bar wa ɗan gida a ƙarƙashin turmi.
Injina, mai Windos, ba ya da tsanani:
kira da babban baƙi, ya amsa,
kira da ƙarami, ya amsa,
kamar kakata da ke waiwayowa
ko Ayi ka ce, ko Ayishetu, ko Maame.
Wancan kuwa, Linuks, akawu ne da ba ya dariya.
Babban K daban, ƙaramin k daban,
ba dangin iya, ba na baba.

Sai na tuna mahaifina a ofishin fansho.
Issaka a katin aiki, Isaka a littafinsu.
Shekara ashirin da bakwai buhun koko na cin kafaɗarsa a Tema,
aka ce masa babu mutumin nan.
Yana tsaye.
Hularsa a hannu, yana tsaye,
ana gaya masa babu shi.

Na gyara baƙin. Na sake tada ta.
Ta ƙi.

Wannan karon ta san sunan,
makullin ne ya ƙi shiga ƙofa.
Na ƙirga haruffansa da yatsa a kan gilashi,
goma sha shida a idona,
goma sha bakwai a wurinta.
Ashe wata 'yar wutsiya ce injina ke liƙa wa ƙarshen kowane layi,
ido ba ya ganinta,
shi bai ɗauke ta komai ba, gaisuwar garinsu ce,
can kuwa tsakuwa ce a cikin tuwo.

Malam Tanko ya sha faɗa mana a makarantar dare,
ɗigo ɗaya ke raba ba da nun,
ka sa shi ƙasa, ka sa shi sama, ka sauya magana.
Muna dariya muna sosa cizon sauro.

Na yanke wutsiyar.
Baƙin allo ya yi shiru, ya yi shiru,
sannan layuka suka fara gangarowa
kamar kwatar Nima in an yi ruwan Yuni.

Ladan ya gyara murya.
Mai koko ta hura wuta a bakin lungu.
Nan da awa ɗaya wayar Memuna za ta yi ƙara a cikin zaninta,
ta duba da hannu mai maiƙo, ta mayar,
ba za ta san an kwana a kanta ba.

Na bar wa wanda zai gaje ni rubutu a saman fayil:
gidan nan ba a amsa suna sai an faɗe shi daidai.

Na Baba kuwa har yau ban gyara ba.
Ya tafi da s ɗinsa biyu,
littafin na nan da ɗaya.