Fata Shida a Bango Ɗaya

Sau shida ke nan ina shafe bangon nan,
shagon Alhaji Barau a bakin titin Rigasa.
Na sa masa kore, na dawo na sa masa ja,
na zana tulu, na goge, na zana turmi.
Sa farce ka kankare, za ka iske su a jere,
kowace fata da sunan tata jam'iyya.

Ba zan ci amanar bango ba, ya ga alheri.
Nan Bitrus ya sauka daga Sabon Tasha,
ya haye gadar da muka daina hayewa,
ya zauna benci ɗaya da Tanimu mai goro
suna ƙirga akwatuna, suna yagar tsire ɗaya.
Ɓarakar da muka gaji da yi wa faci,
sai ga ta an kama bakinta da zaren jam'iyya.

Malama Ladingo ba ta da ubangida,
alli ne jarinta, sai muryar koyar da ƙidaya.
Matan layi suka yi adashi suka saya mata fom,
yau in ta miƙe a zauren kansiloli
ciyaman kan gyara zama.

Kwalbatinmu kuwa, damina bakwai tana cin katifu.
Mun kai kuka, an ce mana ana dubawa.
Da 'yan adawa suka kai ta gidan rediyo,
kwana tara tifa ta juye yashi.
Ashe tsoron faɗuwa ya fi tausayi sauri.
Babana, zamanin kaki, da raɗa yake tsaki,
ni kuwa ina yi da ƙarfi a teburin mai shayi
in koma gida in yi barci lafiya.

To amma bangon nan ya ga wani abin.

Ya ga takin gwamnati ya iso cikin dare,
an kira suna, an ce kowa ya nuna kati.
Gwoggo Kande ta nuna gonarta a tafin hannu,
aka ce kanta ba shaida ba ce.

Ya ga rijiyar da masu tulu suka fara haƙa,
masu turmi suka hau, suka ce ba 'yarsu ba ce.
Tana nan, awaki na leƙa ta.

Ya ga Sagiru, ɗan yayata,
an ba shi dubu biyu da ƙwaya a leda,
an ce ya raka ayari zuwa Kawo.
Ya dawo da yatsu takwas.
Onarabul ya canza lamba.

Gambo da Jatau, ciki ɗaya, nono ɗaya,
sun ja katanga a tsakar gidan ubansu
saboda mutum biyu da ba su san sunansu ba.
Mutum biyun na gan su a Unguwar Rimi
ranar ɗaurin auren 'ya'yansu,
babbar riga na shafar babbar riga, ana dariya.

Wanda aka sa ni na rubuta wa "ɓarawo" bara
bana an ce in zana fuskarsa, in ƙara masa haske.
Na zana. Burushi ba ya gardama.
Kuɗin shafe na uku ma har yau ina bi,
an ce wanda ya yi alkawarin ya sauya sheƙa.

Wuƙa ce, in ji Tanimu, tana fere tana yanka.
Na ce wuƙa ai tana da kube,
wannan wa zai ɗinka mata in ba mu ba?

Gobe an kira ni shafe na bakwai,
ba a ma tsayar da launi ba tukuna.
Katin zaɓena na cikin leda a aljihun gaba,
fenti bai taɓa shi ba.
Can ƙasa, daidai inda ruwa ke bugun bango,
zan bar tafin hannu guda ban shafe ba,
in kawo 'yata Hadiza ta sa farce ta ƙirga
kafin a zo mata da atamfa da gishiri.